Ranar Da Injin Ƙyanƙyasa Ya Yi Magana

Ranar da ya fara ganinta, kanta a sunkuye yake, hayaƙin dalma yana tashi a gaban fuskarta, ba ta ma san ya shigo ba. Mai Ƙwai ya tsaya a bakin ƙofa da kwali a hammata kamar wanda ya yi ɓatan hanya.

Mai shagon kayan lantarki da ke ƙasa ne ya turo shi. "Hau sama ka ce Injiniya kake nema. In abin ya gagara a can, sai ka haƙura." Shi ya ɗauka dattijo zai tarar mai furfura da tabarau. Tabarau dai ya tarar, amma a fuskar budurwa, zaune a ƙarshen wani dogon teburi cike da wayoyi, fanka tana ta kuka a samanta.

Ta ɗago. "Sannu da zuwa. Me ya lalace?"

Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. In'ina gare shi tun yana yaro, kuma duniya ba ta taɓa yi masa haƙuri ba. Ko a kasuwa in ya fara magana, kafin ya kai rabi wani ya ƙarasa masa, galibi ma ba abin da yake nufi ba. Ya jira ita ma ta ƙarasa masa. Sai ta ajiye ƙarfen dalmar, ta naɗe hannu, ta zuba masa ido tana jira, kamar ba ta da wani aiki a duniya sai sauraronsa.

Da kyar da gumi ya yi bayani. Shi da Ummansa suna ƙyanƙyasar 'yan tsaki a tsakar gida, a cikin wani tsohon firji da ya mayar injin ƙyanƙyasa. Zafin da hannu suke daidaita shi, in an yi sake ƙwai ya lalace. Shi ne ya koyi rubuta manhaja a waya, ya sayi wani ɗan allon lantarki da ake ce wa bod, mai ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta fi farcen babban yatsa ba, don ta riƙa kula da zafin. Manhajar tana aiki a laftof ɗinsa, amma 'yar ƙwaƙwalwar ko gezau.

Ta ja laftof ɗin ta karanta. "Kai ka rubuta wannan? Kai kaɗai?"

Ya gyaɗa kai.

"Aikinka lafiya lau. Kawai ka yi mata magana ne da yaren da ba ta ji. Laftof yarensa daban, ita nata daban. Tafinta kake buƙata, wanda zai zauna a cikin laftof amma ya riƙa juya umarninka zuwa yarenta. Kwamfaila ake ce masa. Ni dai tafinta nake kiransa, don aikin Babana ke nan a kotu har ya yi ritaya."

"A ina ake s-sayarwa?"

Ta yi murmushi. "Akwai wanda aka gama haɗawa, kyauta ma. Amma ni ba na son aiki da abin da ban san cikinsa ba. Kana da haƙuri?"

Tambayar da ta yi wa mai jiran ƙwai ya fashe ke nan.

Haka ya fara zuwa kullum da hantsi, bayan ya gama raba ƙwai a shaguna. Suka fara da ƙananan kayan aiki, masu mayar da umarni lambobi da masu ɗinke gutsattsarin manhaja wuri guda. Rubutu ya riƙa gudu a sikirin kamar ruwan famfo, shi kuwa ya saki baki yana kallo.

Da suka zo kan laburare ta juyo da kujerarta. "Laburare tarin ƙananan ayyuka ne da kowace manhaja take ara, su lissafi, su kwafar rubutu, su buga magana a sikirin. To ga inda gizo ke saƙa. Tafinta ba ya cika sai da laburare, laburare kuma ba ya ginuwa sai da tafinta."

Dariya ta ƙwace masa. "K-kaza da ƙwai ke nan."

"Yauwa! To gwani, wanne ya riga?"

"Ni ma har yau b-bincike nake."

Ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. "Mu dai ga yadda muke yi. Rabin tafinta ake fara ginawa, wanda bakinsa bai gama buɗewa ba. Shi zai gina laburaren. Sannan da laburaren a gina cikakken."

Wato wanda bakinsa bai cika ba, shi ne tushen komai. Bai taɓa jin magana da ta shige shi haka ba, tsikar jikinsa har tashi ta yi.

"Ka kula da nan," ta ce tana nuna sikirin. "Laburare ya iya buga magana, amma wannan 'yar ba ta da sikirin, ba ta san inda za ta aika maganar ba. Akwai wata ƙofa da mu ne za mu rubuta mata da hannu. Na bar ta a rufe tukuna, duk abin da ta faɗa ba inda zai je. In mun buƙata sai mu buɗe. Ka gane?"

"Na gane."

Wallahi bai gane komai ba. Wani ɗan tabon ƙuna da ke bayan yatsanta yake kallo, yana tunanin ranar da ta ji ciwon da ko akwai wanda ya ce mata sannu.

Ranar da suka gama, ta rubuta 'yan layuka, sabon tafintan ya juya su, ta tura ta kebur. Sai wata 'yar koriyar fitila da ke gefen bod ɗin ta kunna, ta mutu, ta kunna, ta mutu.

"Ta ji mu," Injiniya ta ce a hankali.

Mai Ƙwai ya durƙusa har hancinsa ya kusa taɓa teburin. Ya sha ganin ɗan tsako yana fasa ɓawo, kuma kullum sai ya ce ikon Allah. Yau ga ɗan baƙin abu da ba shi da rai, an yi masa magana da yarensa ya amsa. Idanunsa suka kawo ruwa bai damu ya ɓoye ba. Da ya ɗago, hasken koren yana wasa a gilashin tabaranta, daga ranar ya sa mata suna Fitila, ita kuma ta rama ta sa masa Tsako.

A saƙon waya kuwa ba shi da in'ina, nan ne ta san ainihin surutunsa.

"Fitila, kin isa gida lafiya? Umma ta ce in tambaye ki wace irin yarinya ce ke sa ɗanta guga kafin ya je kai ƙwai."

"Ka ce wa Umma ba ruwana. Tsako, ka ci abinci kuwa, ko har yanzu kana gaban bod kana kallon fitila?"

"Ina kallo. Amma ba ta kai ta asalin haske ba."

"Allah ya shirye ka. Gobe ka zo da wuri."

Komai ya faɗa mata a waya, ban da magana ɗaya. Wannan yana ganin ta fi ƙarfin saƙon waya, ta kuma fi ƙarfin bakinsa.

Ana haka wata rana wani ya hawo benen, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ɗan Rediyo ne, ɗan aminin Babanta, mai gabatar da shiri da safe. Murya gare shi kamar an shafa mata zuma. Ya gaida Injiniya da kalamai masu tsari, sannan ya juyo ya miƙa wa Mai Ƙwai hannu.

"Malam, me ake sana'antawa?"

"Ina ƙ-ƙ..."

"Ƙira? A'a? To ko ma dai mene ne, Allah ya taimaka." Ya juya gare ta. "Jiya na daɗe wajen Baba. Na faɗa masa abin da ke raina, ya ce zai ji ta bakinki."

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne kawai da magana ba ta taɓa ba shi wahala ba. Amma Mai Ƙwai ya sauko daga benen nan ko sallama bai yi ba.

Da ya isa gida ya buɗe laftof. A farkon manhajar injin, wurin da 'yar ƙwaƙwalwa take fara karantawa duk lokacin da ta samu wuta, ya ƙara umarnin buga magana:

"Fitila, bakina ba zai iya ɗaukar wannan maganar ba, shi ya sa na aiko wadda kika koya min yarenta. Ina son ki. Ina so ki zama matata. In ba ki so, kada ki wahalar da kanki, ki yi shiru kawai, zan gane."

Ya gwada a laftof, maganar ta fito tas a sikirin. Ya zuba ta a bod ɗin, washegari ya kai mata, bod ɗin kaɗai ba tare da laftof ba. "Ki d-duba min," ya ce, ya juya da sauri ya sauka.

Da la'asar saƙonta ya shigo.

"Na duba, Tsako. Komai daidai yake, ba abin da zan ƙara. Ka zo ka ɗauka."

Ya karanta ya sake karantawa. Ta yi shirun ke nan, cikin mutunci irin nata. Ya je ya karɓi bod ɗin a lokacin da ya san ba ta nan, ya ɗaura shi a injin, ya daina hawa benen.

"Tsako, lafiya? Kwana biyu shiru."

"Lafiya lau. Aiki ne."

"Na yi maka laifi ne?"

"Ko kaɗan. Na gode da komai."

Daga nan ita ma ta ja jikinta. Mai Ƙwai ya rame, ya daina guga, da safe in muryar Ɗan Rediyo ta taso daga gidan maƙwabta sai ya tashi ya rufe taga.

Umma tana lura da shi, sai ga ƙyanƙyasa ta zo da matsala. 'Yan tsaki suka makara, waɗanda suka fito ma duk a galabaice. Ya duba ko'ina bai ga dalili ba.

"Kira yarinyar nan," in ji Umma.

"Umma, b-ba..."

"Ban ce ka aure ta ba, cewa na yi ka kira ta. Ko ka ba ni lambar in kira da kaina, in kuma faɗa mata yadda ka koma."

Ta zo da hantsi da jakarta a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaida Umma da fara'a, shi kuwa sannu kawai ta ce masa ba ta kalle shi ba. Ta tsuguna gaban tsohon firjin, ta jona kebur da laftof ɗinta.

"Sai na ga zafin da take karantawa," ta ce. Sikirin ya tsaya baƙi wuluk. Ta ɗan daki goshinta. "Af! Ai ban buɗe mata ƙofar ba tun wancan lokacin. Ba ni laftof ɗinka."

Mai Ƙwai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. "W-wace ƙofa?"

"Wadda na nuna maka ka ce ka gane."

Ta buɗe wurin laburaren, ta rubuta 'yan layuka, ta tura. Ya so ya fizge kebur ɗin, ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa. Koriyar fitilar ta kunna. Rubutu ya bayyana a saman sikirin, kafin lambobin zafi su biyo baya.

Ta karanta. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake karantawa. Hannunta ya tafi bakinta.

"Tun yaushe wannan yake ciki?"

"T-tun ranar da na kawo miki."

"Ni da na jona na ga fitila tana yi, na ji makunnin hita yana ɗaukewa, na ce komai daidai. Ban ga ko harafi ba, Tsako. Na ɗauka ka gama aikinka da ni ne ka yi gaba." Ta juya ta dubi ɗan bod ɗin kamar yau ta fara ganin irinsa. "Ka san duk lokacin da aka ɗauke wuta aka maido, daga farko take tashi? Wato duk kwanakin nan tana nan cikin duhu tana faɗin wannan maganar, ba mai ji sai ƙwai."

Su biyun suka tsaya suna kallon abin.

"Me inji ya ce?" Umma ta tambaya daga bakin ƙofa. Ta dubi fuskar ɗanta, ta dubi ta baƙuwar. "To. Na gane. Allah mai iko, yau firji ya yi abin da ɗana ya kasa."

Matsalar zafin kuwa ba wata babba ba ce. Da lambobin suka fito, nan take ta ga ma'aunin ya yi kusa da hita, yana cewa an yi zafi alhali ƙwai na jin sanyi. Ta matsar da shi. Da za ta tafi ya bi ta har bakin titi yana jiran amsa.

"Ba yanzu ba," ta ce tana murmushi da jajayen idanu. "Akwai Baba."

Saƙonta ya zo washegari.

"Tsakona, na faɗa wa Baba komai. Bai yi dariya ba. Ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar maganar wani yana kai wa wani, ya san abin da ke zubewa a hanya. Ya ce Ɗan Rediyo ya zo da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa, kai kuma inji ka aiko. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba zai iya tsaya mata ya yi magana ba ranar da ta buƙata. Na yi kuka, bai sauya ba."

Ya rubuta mata: "Ki ce masa ina neman izinin zuwa. Ni kaɗai, ba waya, ba takarda."

Umma da kanta ta goge masa kaya. Ta dafa kansa a bakin ƙofa. "Ba gasar magana za ka je ba. Ka faɗi gaskiyarka, ko za ta kai ka yamma."

Falon Baba cike yake da littattafai, da wani tsohon agogon bango mai ƙara. Dattijon yana zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mai Ƙwai ya zauna a ƙasa, ya samu gaisuwa ta fita da kyar.

"Ina jin ka, yaro."

"Baba, na zo n-n-n..."

Ta maƙale. Ya ja numfashi ya sake, ta sake maƙalewa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, agogon nan sai ƙara yake kamar da gayya. Ya san a nan ne ake ƙarasa masa, ko a ce ya je ya dawo. Ya saci kallon dattijon. Baba ya sauke ƙafarsa, ya naɗe hannu, ya zuba masa ido yana jira. Irin zaman nan ne sak, irin jiran nan. Ashe a nan ta gado shi.

Wani abu ya saki a ƙirjinsa. In'inar ba ta tafi ba, tana nan a kan kowace kalma, amma ya daina gudunta.

"Na zo n-neman auren 'yarka. Ba ni da b-baki, Baba. Amma ranar da ta b-buƙace ni, zan tsaya. Ko za a yi min d-dariya, ba zan tashi ba sai na g-gama. Kamar yau."

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"A kotu an hana mu ƙarasa wa mutum maganarsa, ko da mun san inda ya dosa. Na ɗauki maganar lauyoyi masu zuba kamar ruwan sama, wata ko nauyin auduga ba ta kai ba. Ban taɓa ganin wanda magana ta tsaya wa da tsada kamar kai ba, ka kuma biya a gabana." Ya ɗaga murya. "Ke da ke laɓe a bayan labule, fito. Shi kike so?"

"Shi ne, Baba," ta ce, tana kuka tana dariya.

"To ka turo manyanka, ɗana. Aminina kuma ni zan ba shi haƙuri."

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, gida ya cika har titi. Ɗan Rediyo ma ya zo, ya riƙe hannun ango ya yi masa addu'a, wannan karon har ya jira ya gama amsawa. Umma ta rungume amarya tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yata, ke da kika buɗe ƙofar." Baba ya haɗa hannayensu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su zama masu sauraron juna har tsufa. Jama'a suka amsa da amin.

Washegari da safe ango ya leƙa tsakar gida don duba injin. Ya tarar da amarya ta riga shi, tana tsugune da laftof a cinya, lallen hannunta yana sheƙi, 'yan tsaki suna ta tsiwa a cikin firjin.

"Fitila, y-yau ma aiki?"

"Ɗan gyara na yi. Kashe ka kunna."

Ya kashe, ya kunna. Koriyar fitilar ta haska. Maganarsa ta fito a sikirin yadda ya rubuta ta, sai dai ta goge layin ƙarshe, wanda ya ce ta yi shiru. A wurinsa ga abin da ta sa:

"Na ji, Tsakona. Na yarda. Duk lokacin da wuta ta dawo, ka sake tambaya, zan sake amsawa."

Ya tsuguna kusa da ita, ya miƙa hannu ya sake kashewa ya kunna.